Jan Maɓallin Kawu Ummaru

A'a, ba shirme ba ne, kuma ba tsufa ya taɓa mai kai ba. Duk kunka ga bidiyon nan na baƙar jaket mai jan maɓalli ɗaya a tsakiya, kunka yi ta dariya kuna turawa. Ko mutum guda bai tambayi mi ya faru ba.

Sunanshi Kawu Ummaru. Tela ne a Boɗinga tun kafin a haife ni, har babur ya karya mai ƙafa ya bar taka keke. Sai ya koma bakin kasuwa da benci da allura, yana sa maɓallai ga jaket ɗin gwanjo, irin masu kaurin nan da 'yan kabu-kabu da masu ban ruwan albasa ka sawa da asuba. Keke ba ya iya wannan aiki. Shi sai ya ɗora tsinken ashana ƙarƙashin maɓallin, ya ɗinke, ya zare tsinken, ya naɗe zaren ya yi mai wuya, don rigar ta ɓallu ba ta tsuke ba. Ɗan yatsanshi ya yi kanta kamar ƙahon rago.

Abin da ya ɓoye ma kowa: yanar ido ta rufe mai gani. Girman maɓalli yakan ji shi da hannu, launi ne ya gagara. Matarshi Balaraba ka ware mai su a gida, baƙi gwangwani guda, ja guda, fari guda. Ranar nan mai keke napep ya goge bencin, gwangwanayen sunka kife. Mutane sunka ce su taya shi tsincewa, ya ce su bari. Ya lalube su shi kaɗai, ya zuba yadda ya ga dama.

Auwal mai gwanjo, wanda shi kaɗai ka kawo mai aiki da yawa, ya zo jiya ina zaune, da baƙar jaket ɗin a hannu.

"Kawu, mi ag ga wanga? Sun maishe ni abin dariya har Shagari."

"Ja shi ka gani in zai cire."

"Ban ce bai kamu ba. Wane launi ne?"

Kawu ya kawo rigar dab da hancinshi. Ya daɗe. Ya ce baƙi ne.

Auwal ya amshe rigarshi. Ba mugu ba ne, na ga idonshi ya yi ja. Amma ya kwashe sauran jaket ɗin da ba a taɓa ba, ya ɗaure bayan babur, ya ce akwai wani a Shagari.

Yau bencin ba riga ko ɗaya. Kawu na zaune, allura a soke ga hula.

An ce ana cire yanar ido. Ni ban san ina ba, ban san wa za a gani ba. Cikinku akwai wanda aka yi ma uwarshi ko kakanshi. Ku faɗa a nan, da sunan wurin da yadda kunka bi. Kada ku sa mani hoton hawaye ku wuce.