Mai Shan Jini a Shekarar Anza

Wata Juma'a ce cikin daminar 2005, bayan an sauko daga masallaci, na fara riƙe manet, wato abin latsa wasan bidiyo, a shagon Ɗanlami Bakano da ke unguwarmu ta Kara-Kara a Damagaram. Mun cunkushe gaban tele guda, wato talabijin, ga warin zufa, ga cikin kowa yana ƙugi. Shekarata goma sha huɗu. Nakan share shagon in ɗebo ruwa a pampo, shi kuma Ɗanlami ya bar ni in buga idan masu biya sun tashi. Daga Kano ya zo da faifan wasan, ba mu iya faɗin sunansa ba, sai muka raɗa masa Mai Shan Jini.

Wallahi wasan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Jarumin wani farin mutum ne mai fiƙa biyu da doguwar baƙar riga, yana yawo cikin rusasshen gida yana sara. Kana latsawa takobi na tashi, babu jinkiri, kiɗan kuma yakan sa tsigar jiki ta tashi. A saman tele akwai jan layi, shi ne ransa. In ya kusa ƙarewa sai ka cafki wani ka kafa masa haƙora a wuya, layin ya cika fal. Muddin manet na hannuna, ba na tuna cewa tun jiya rabona da abinci, kuma a shekarar nan wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Aibunsa ma ba kaɗan ba. Ana tsakiyar faɗa sai hoton ya juya ya nuna maka bango, a kashe ka ba ka ga wanda ya kashe ka ba. Abokan gaba duk fuskarsu ɗaya, ɗakunan ma haka. In kuran ya ɗauke kuwa, wahalar yini guda ta tashi a banza, mu yi ta ihu cikin duhu, Ɗanlami na cewa, "Ku ɓace mini da gani, ni na ɗauke wutar?" Amma babban aibinsa shi ne ya nuna mini jini abu ne mai araha.

A gida fari da fara sun gama da geron bara. Baba ya tafi ci-rani Najeriya, shiru kake ji. Bayan an tashi daga lakwal, wato makaranta, nakan shiga daji neman tafasa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da Inna ke jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ƙanwata Nana, 'yar shekara uku, ta ƙi cin su. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, sannan zazzaɓin damina ya zo ya haɗa mata. A asibiti lokotoro ya buɗe tafin hannunta, fari fat. Ya ce jininta ya ƙare, irin nata babu a ajiye, a kawo mai bayarwa yau. Inna tana da tsohon ciki, ba a karɓi nata ba. Aka aika wa Kawu, yayanta, wanda ya shigo gari daga Takieta neman hatsi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, in na ba da ɗan wanda ya rage mini, da me zan riƙe hauya?" Na tsane shi ranar, kuma na daɗe ban daina ba.

Sai na naɗe hannun riga na ce shekarata sha takwas, a ɗebi nawa. A raina abin mai sauƙi ne: a cira daga nan, a zuba can, layi ya cika. Lokotoro ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya ce, "Yaro, kai kanka jini kake nema." Na roƙe shi, na yi kuka, har na zage shi. Inna ta bi maƙwabta gida-gida, kowa ƙashi da fata. Kafin a samu wani mai ɗinki da ya yarda, Nana ta cika.

Bayan sadakar bakwai na koma shagon, don gidan ya yi mini shiru da yawa. A makon na kai ƙarshen wasan. Yara suka ɗaga ni sama suna ihu, wasu sunaye na Turawa suka yi ta hawa kan tele, shi ke nan. Na ajiye manet na fita, ban ji komai ba.

Yau ina tuƙa motar haya tsakanin Damagaram da Mirriya, na yi ƙiba har yara na mini dariyar tumbi. Wasannin da ke cikin wayoyinsu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka yi cigiyar jini nakan je, ba a ƙara mayar da ni ba, har ma'aikatan kan yaba kyawunsa. Nakan kwanta ina kallon ledar tana cika ja wur. Jinin ya zo, sai dai ya makara.