Kawu Ilu Mai Tace Ruwa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Agege ya san Kawu Ilu ba ya kai kofi baki sai ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa. In bai gamsu ba, sai ya zaro farin ƙyallen nan daga aljihun gaba, ya shimfiɗa a bakin wani kofin, ya tace. A gidan kowa fa! Ƙanen mahaifiyata ne, mahauci a abatuwa, kuma gidan haya ɗaya muka zauna tun ina ƙarama, don haka kunyar da na sha a kansa ba ta faɗuwa.

Muna yi masa dariya, amma mun san dalili. 'Yarsa ta fari, Hadiza, amai da gudawa ne suka ɗauke ta, wata damina da ruwan kwata ya malala cikin rijiyar gidan da suke haya a Ijora. Daga nan ya yi rantsuwa cewa babu yaron da ruwa zai sake kashewa a gidan da yake kwana.

A bayan ɗakinsa akwai ganga mai famfo, ya jera mata tsakuwa da yashi da gawayi. Ruwan da ya fito daga ciki ma ba a gama da shi ba, sai an tafasa. Matarsa, Inna Larai, ta sha yin mita.

"Malam, dubi ruwan nan garau, me kuma ya rage?"

"Larai, abin da ke kashe mutum ba ya tsayawa a gan shi. Ɗora tukunya."

"To itacen fa? Ka san tsadarsa a Legas?"

"Ya fi likkafani araha."

Kun tuna sunan da aka yi a Ogba, gidan wani Alhaji dillalin shanu? An raba fiya wata mai sanyi, kowa ya kafa kai. Kawu ya huda nasa, ya shinshina, ya ajiye. Mai gida ya ce, "Haba Ilu, wannan fa a leda yake, a rufe!" Kawu ya ce, "Alhaji, ledar na gani. Rijiyar ce ban gani ba." Sai ya zaro gorarsa daga ƙarƙashin babbar riga, ya sha, har ya miƙa wa liman. Wallahi liman ya karɓa!

Ba tsabtar ruwa kaɗai ta dame shi ba, har da yawan sha. Ranar da Musa, wanda ya zama mijina, ya fara zuwa gaishe shi, ina laɓe bayan labule.

"Samari, mece ce sana'ar?"

"Okada nake ja, Kawu."

"Cikin ranar nan? To, fitsarinka wane launi ne?"

Musa ya sunkuyar da kai, gumi ya karyo masa. Da ƙyar ya ce, "Kamar ruwan shayi, Kawu."

"Shayi! La'ilaha illallahu! Ni ba na ba mai busasshiyar ƙoda 'ya. Je ka yi ta shan ruwa, in ya washe ka dawo."

Da Musa ya dawo, da jarka ɗaure a bayan babur ya zo. Har yau abokansa suna tsokanar sa da ita.

Amma babban artabun shi ne da mai gidan hayarmu, wani dattijo Bayarabe, mutumin kirki in ba a zo batun kashe kuɗi ba. Masai ya cika, mai gidan ya kawo leburori 'yan Nijar su haƙa sabo dab da rijiyar da yaran gidan duka ke sha. Kawu ya yi magana, ya roƙa, mai gida ya ce nan ne kawai fili. Washegari leburori suka zo, suka tarar da Kawu zaune daram a cikin ramin, da tabarma da buta da rediyo.

Mai gida ya leƙa ya ce, "Oga Ilu, abeg, fito mana!"

Kawu ya ce, "Baba, ku ci gaba da aikinku. Ku zuba siminti a kaina, in ya so kashin gidan ya fara bi ta kaina kafin ya kai ga yara."

Mutanen layi suka cika gidan ana ta ƙyaƙyata dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ɗago kai ya ce, "Na taɓa ɗaukar 'yata a hannuna zuwa makabarta, Baba. Ba ta da nauyi, ruwan jikinta duk ya ƙare. Ba zan ɗauki ta wani ba." Mai gida ya cire hularsa, ya miƙa hannu ya jawo shi da kansa. A can bayan katanga aka haƙa masai.

Mu da muka sha rijiyar nan duk mun girma, da namu 'ya'yan. Sai yanzu nake jin nauyin abin da ya yi mana, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Ranar da ya rasu, maza suka aiko a ba da ruwan wankan gawa. Aka yi ta jira shiru. Da na leƙa madafa, sai na ga Inna Larai tana hura wuta, hawaye na zuba. Ta ce, "A ɗan ƙara haƙuri, bai tafasa ba."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haɗa shi da Hadizarsa, ya shayar da su daga tafkin Alkausara. Amin.