Cinyar Zabo Tsakanin Daktoci Biyu

Cinyar zabo ɗaya ta rage a kwano, ni ko na sa mata ido tun ɗazu.

Jiya ke nan a gidanmu na Unguwar Rogo. Yayata Hajara ta gayyato abokiyar aikinta, Dakta Asabe. Dukansu kimiyyar halittu suke koyarwa a jami'a, kuma sun daɗe suna gardama ɗaya. Yaya ta ce a cikin dabbobi, wanda ya fi dacewa da muhallinsa shi ke rayuwa ya bar zuri'a. Dakta Asabe ta yarda, amma ta ce sau da yawa sa'a ce kawai.

Abin da ya ƙona min rai, suna musu suna tura wa juna cinyar.

"Dakta, hujjarki da rauni, amma bismillah, ke ce baƙuwa."

"A'a Hajiya, ke dai kika yi kuskure. Ɗauka, kin girme ni."

Babu wadda ta tuna da ni da na fige zabon.

Sai ga kyanwar maƙwabta ta diro daga katanga, ta sure cinyar ta haye.

Yaya ta ce, "Kin gani? Mai zafin nama ta ci."

Dakta Asabe ta ce, "Wucewa ta zo yi, ta taki sa'a."

Suka tafa, suna dariya. Ni kuma na koma kan tuwo da miya zalla.

Ku raba min gardamar nan, jama'a. Abin da na sani dai, mai kunya ba ta cikin waɗanda suka tsira.