Garwa Shida a Bayan Wanet

Ko da zan manta shekaruna, waɗanda dama ban san adadinsu ba, ba zan manta ranar da garwar ruwa ta kayar da ni a tseren mota ba.

Cikin shekarun sittin ne a ƙasa mai tsarki, lokacin unguwar Aziziyya daga yashi sai duwatsu. Da ga-ruwa na fara a unguwar Jarwal, garwa biyu a sanda, har kafaɗata ta yi kanta. Daga baya na koyi tuƙi, wani Balarabe ya ɗauke ni. Wanet biyu gare shi, wato motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Ni ke jan sabuwar, wani dattijo ɗan Damagaram yana jan tsohuwar.

Da alhazai suka watse, maigidan ya ce direba ɗaya zai riƙe, amma ya rasa wa zai sallama. Ni da bakina na ce wa maigidan, "Ammi, a yi tsere mana. Wanda ya riga, makulli nasa." Na san injina ya fi ƙarfi.

Da safe muka fita hanyar Mina, aka ja layi, aka ce daga nan zuwa wani dutse can gaba. Karatuna bai kai ko'ina ba, amma na ɗauki kaina injiniya. Na cire tayar ko-ta-kwana, na kwance ƙyauren baya, na ajiye jak. Ko shayi ban sha ba, wai kada in yi nauyi.

Dattijon nan kuwa garwa shida ya cika da ruwa, ya jera su daidai saman tayoyin baya, ya ɗaure.

Na ce, "Baba, tsere za mu yi ko sana'ata ka gada?"

Ya ce, "Ƙishirwa nake tsoro, ɗana. Yalla, shiga."

Maigida ya saki rawaninsa ƙasa, na take totur har ƙarshe. Inji ya yi ruri kamar zaki, tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya, gindin motar yana rawa. Babu nauyin da zai danne su su kama ƙasa. Baba ya tashi a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa, sannan ya ƙara wuta. Kafin in fito daga ramin da na haƙa wa kaina, ya kai dutsen ya juyo.

Na miƙa makulli. Maigida ya ce, "Halas," wato shi ke nan.

Baba ya dafa ni ya ce, "Taya ni sauke garewanin nan, kai ka san kansu. Ka riƙe biyu, na ba ka."

Da su na koma ga-ruwa, shekara guda cur. Tun ranar na gane ƙarfi ba ya kai mutum ko'ina sai ƙafarsa ta kama ƙasa, kuma wani nauyin da kake ɗokin yarwa, shi ke riƙe da kai.