Bajamushen da ya sassaƙa wa Raudatu wurin zama

Kullum bayan sallar asuba, kafin motoci su cika titin Ƙuba a nan Madina, Baba Abdallah yakan ɗage ƙofar warsharsa, wato shagonsa na sassaƙa, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya zauna wasa kurfi da gizago. Ba ya taɓa katako sai ya gama, ko gaisuwa da kai yake amsawa. A ƙarshen watan nan zai rufe warshar, don hannu ya fara rawa. Mu iyaye mata na unguwar nan ba za mu bari ya tafi shiru ba.

Bajamushe ne, ɗan gidan masassaƙan coci, tun kaka da kakanni. Da ƙuruciyarsa gicciye yake sassaƙawa, da mala'iku, da surar mutum rataye, haƙarƙari a waje, wuya a langaɓe. Babu ƙashin da bai sani ba a jikin mai shan wahala. Da ya musulunta ya zo Madina, ya auri marigayiya Fatna, Bahaushiyar unguwar Harra ta Yamma, wadda ta koya masa Hausa da cin tuwo. Ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa hannunsa ba zai ƙara fitar da surar mai rai ba. Ya koma kan ƙofofin masallatai da mumbari da mariƙin Alƙur'ani. Ko dokin wasan yara aka roƙe shi, sai ya ba da haƙuri. Amma ba a taɓa jin ya aibata gidan da ya fito ba. "Mahaifina ne ya koya mini kada in yi wa itace gaggawa," in ji shi.

Ƙaltume 'yar Damagaram ce, mijinta Sabiru direba. An haifi 'yarsu Raudatu da lalurar da ta hana ta zama, bayanta ya karkace zuwa hagu. A kishingiɗe ake ba ta abinci, sai ta ƙware, kunu ya bi ta huhu, a kwasa sai mustashfa, wato asibiti. Likita ya ce lallai ta riƙa ci a zaune, in ba haka ba wata ƙwarewar ba za a dawo da ita ba. Kujerun kasuwa kuwa duk zamewa take yi a cikinsu.

Ƙaltume ta saɓa ta a kafaɗa har warsha. Baba ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ya binti, 'yata, na ga abin da take buƙata. Amma sai na fara sassaƙa bayanta da wuyanta sak, in gina kujerar a kai. Haka aka koya mini. Wannan kuwa na bar shi."

"Baba, ni ba gunki na zo nema ba. So nake 'yata ta haɗiye kunu ya tafi cikinta."

"Alkawari na yi."

"Alkawarinka ne, Allah ya cika maka. Ita fa, wa zai yi mata?"

Ta ɗauki 'yarta ta fita, ba ta ko yi sallama ba. Kwanaki aka ga warshar a rufe.

Wata hantsi sai ga shi a ƙofar gidan su Ƙaltume da babban faranti cike da yumɓu mai laushi, an lulluɓe da zane. Ya sa Ƙaltume ta riƙe Raudatu yadda ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibiti ta nuna mata, aka jingina bayanta da yumɓun a hankali har ya ɗauki shatinsa. Ramin da bayanta ya bari a yumɓun, shi ya kwaikwaya da kurfi a cikin gungumen itace, yana shafawa da tafin hannu, ido a rufe.

Ranar da ya kawo kujerar, Sabiru ya kewaya ta ya ce, "Ya Ammu, Babanmu, wannan kujera ce ko turmi?"

Baba ya ce, "Uskut, yi shiru, kai dai kawo kunu."

Aka shimfiɗa soso, aka zaunar da Raudatu. Ba ta zame ba. Uwar ta ba ta cokali ɗaya. Ta haɗiye. Ta buɗe baki tana neman ƙari. Baba ya juya wajen bango yana share ido, ya ce, "Ban sassaƙa mutum ba. Wurin da mutum zai huta na sassaƙa."

Baba Abdallah, kai ne ka riƙe alkawarinka, kuma ba ka bar 'yar mutane ta biya farashinsa ba. Kai ne duk lokacin da yarinyar nan ta ƙara girma, kake ɗauko kurfi ka ƙara faɗin ramin. Daga unguwar Al-Khalidiyya ma iyaye sun kawo maka nasu, ba ka kori kowa ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan Fatna.

Ku kuma kafintocinmu, kafin wata ya ƙare ku je ku zauna kusa da shi, ku ga yadda ake taka yumɓun nan. Kujerar ƙarshe da ya yi wa Raudatu ya bar mata kauri sosai ta gefen hagu. Ƙaltume ta tambaye shi dalili.

Ya ce, "Za ta girma. Na bar wa mai zuwa abin da zai sassaƙe."