Baba, Mamanka Ta Karanta Shafinta

Ranar Talata, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifinmu, wanda duk layinmu ke kira Baba Mai Agogo. Ya cika a ɗakinsa bayan gajeriyar jinya, muna zaune a gefensa. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Baba, tun ranar mutane ke shigowa da labarinka. Wannan ya ce kai ka tayar masa da agogon mahaifinsa da kowa ya ce ya mutu, wancan ya ce a kan bencin shagonka ka sasanta shi da ƙaninsa. Duk gaskiya ne. Amma ni 'yarka, da na gaji taurin kanka kaf, labarin shekararka ta ƙarshe zan bayar.

'Yata ta fari ta ci sunan mahaifiyarka, shi ya sa kake ce mata Mamana. Tana da in'ina tun tana ƙarama, kuma da ta shiga sakandare abin ya kai ta daina buɗe baki a aji. Sai ga malamar ɗakin karatu ta kawo gasa: kowace ɗaliba ta sami babba a gida su riƙa karanta littafi guda duk wata, kuma dole ya zama irin wanda ba su saba so ba. Littattafan a naɗe suke cikin takarda, abin da hannu ya ɗauko shi ke nan. Ƙarshen shekara kuma kowacce ta tsaya gaban iyaye ta karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Nan gizo ke saƙar. Yarinya ta dawo gida tana kuka, ta ce a cire sunanta, ni ma wallahi har na sa mayafi zan tafi makarantar.

Kai ka tare ƙofa. Ka ce yanar ido ta rufe maka gani, ko jarida ba ka iya gani, don haka kai ne babban, ita ce idon.

Oh, Baba! Kai da ban da tarihi da jarida komai shirme ne a wurinka, hannunka ya ɗauko maka labarin wata yarinya mai tuƙa jirgi a tsakanin taurari. Ka yi tsaki ka ce iyayenta suna ina. Ba a yi nisa ba ka koma tambayar ko man jirgin zai kai ta gida. Wata na gaba aka faɗa kan labarin soyayyar wani mai tsaron raga, ka ce yaron ba shi da aikin yi, amma da budurwar ta juya masa baya ranar ko abincin rana ba ka ci da daɗi ba. Matarka Inna ta ce tsufa ya zo da gardama. Ita ma Mamanka, da ba ta karanta komai sai labarin masu farautar ɓarayi, ta ci karo da littafin wata gurguwa mai kiwon zuma, ta ce ba za ta so shi ba, ta ƙare tana kwana da shi ƙarƙashin matashi.

Kullum bayan la'asar kuna shago, kai a kujerarka ta katako, ita a kan benci, agogunan bango na ta bugawa kowanne da nasa lokacin. Idan kalma ta maƙale mata, sai ka naɗe hannu ka jira. Mu a gida mun saba ƙarasa mata magana, wai taimako muke yi. Ran da na yi haka a gabanka ka juyo ka ce, “Ke, aikenki aka yi? Mamana ce ke magana.” Na ji haushi, na kuma kama bakina.

Sannan ga ka da neman rigima. Da gangan kake goyon bayan mugun cikin labari, har sai ranta ya ɓaci ta ajiye littafi ta hau ka da musu. Wata rana ina shanya na jiyo muryarta tun daga shago tana cewa, “Haba Baba, ai shi ya fara cin amana!” Haka ta faɗe shi, tiryan-tiryan. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina dariya ina hawaye.

In'inar ba ta tafi ba, kuma ba ka taɓa ce mata za ta tafi ba. Tsoron ne ya yi ta raguwa.

Taron makaranta ya zo mako guda bayan rasuwarka. Na ce ta zauna a gida, kowa zai yi mata uzuri. Ta ce ai ta riga ta zaɓi shafi. Da aka kira ta, ta hau gaban iyaye ta buɗe littafinta. Ta fara lafiya lau, sai a tsakiyar shafi wata kalma ta ƙi fita. Kalmar na kan harshena, Baba, na cije leɓe na naɗe hannuwana. Ta ja numfashi, ta sake gwadawa, ta sake, har ta fito da ita da kanta, ta kai ƙarshen shafin. Ba ita ta zo ta ɗaya ba. Amma ta sauko tana murmushi, ta raɗa mini cewa kalmar nan ko kai sai da ka daɗe kana jiranta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, abokiyar zamanka, da yayyena da ƙannena, da jikokinka, da maƙwabtan shago da suka yi rashin abokin hira. Allah ya ba mu haƙurin da ka koya mana. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka zauna ka jira yarinya har ta sami bakinta, Allah ya tabbatar da harshenka a wurin amsa tambaya. Amin.