Baƙin Yajin Inna Maimuna

A shekarun da nake magana a kansu, daga 2010 zuwa bara, unguwar Faisal da ke Misira ba ta da abin taƙama sai yawan jama'a. Benaye ne na jan bulo a manne da juna, galibinsu ba yaɓe, kayan shanya na reto a kowace baranda, ƙananan motocin haya kuma suna kiran fasinja a babban titi. A hawa na biyar na ɗaya daga cikin benayen nan Inna Maimuna ta yi shekara goma sha huɗu. Mutuniyar Gusau ce, ta biyo mijinta Malam Ukasha da ya zo karatun fiƙihu.

Da baƙin yaji aka san ta. Takan shafa wa karfasa man shanu, ta barbaɗa yajin har ya rufe ta, ta ɗora a kasko mai zafi. Fatar kifin ta yi baƙi ƙirin, cikinsa fari sol. Ɗalibai kan keto gari daga unguwar Hay el-Sabi' ranar Juma'a da sunan gaishe da Malam.

Da aka ji Malam ya kammala, za su koma gida ƙarshen wata, hankalin ɗaliban ya tashi, domin in ta tafi yajin ya tafi. Suka ɗora mini nauyin rubuta shi, tunda ni ne mai digirin tarihi. Kafin in taka gidanta na riga na cika shafi shida, inda na nuna cewa mai yiwuwa haɗin ya biyo ayarin fatake ne tsakanin ƙasar Hausa da Misira. Na karanta mata a falo.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam Sagiru, duk wannan a kan yajina?"

"Ai kayan tarihi ne, Inna."

"Tarihin ƙonewa dai. Satina ɗaya da zuwa, ban taɓa girki da gas ba. Na zuba barkono da citta da masoro da kimba a kasko, na tafi shanya kamar a kan itace na bar su. Na dawo sun yi duhu, ga baƙin Malam a ƙofa. Na daka su haka, na ƙara kammun da za'atar, kayan ƙamshin mutanen nan, don su ɓoye ƙaurin. Suka lashe kwano. Kunya ta hana ni faɗa, khalas, shi ke nan na ci gaba da ƙonawa."

Malam Ukasha ya ɗago daga littafinsa. "Ni ma yau na fara ji. Na sha gaya wa mutane gadon kakarta ne."

Na ninke takarduna, na fito da ƙaramin sikeli. Duk abin da ta ɗiba da hannu sai na auna shi kafin ya shiga kasko, tana haƙuri da ni. Da muka zo kan wuta na tambaye ta minti nawa.

"Har sai ya kusa ɓaci."

"Ta yaya ake ganewa?"

Ta nuna sama da muciya. "Ummu Eman ta hawa na shida. In ƙaurin ya kai mata ta yi atishawa ta biyu, sai in sauke."

Muka kasa kunne. Maƙwabciyar ta yi ta farko, ta yi ta biyu, Inna ta sauke. Ni kuwa ina can ina sauraro, na manta ban duba agogo ba.

Bayan tafiyarsu na gwada sau uku a gidana. Na farko ya fito ɗanye, na biyu ɗaci kamar maɗaci, a na uku mai gadin bene ya hau da bokitin ruwa.

A littafina akwai kayan haɗi tara, kowanne da nauyinsa. Tsawon zamansu a kan wuta har yanzu ba a rubuta shi ba.